Taƙaddamar Haƙƙin Mallaka a Zamanin Kwamfuta: Tarihin Satar Fasaha da Buɗaɗɗiyar Manhaja

1.0 Gabatarwa

Malamin makarantar da ya kai littafi wurin mai fotokofi aka ɗebar masa shafuka biyar ya raba wa ɗalibansa, da dattijon da jikansa ya tura masa tsohuwar waƙa a wayar hannu, da yaron shagon da ya zuba wa mutum manhaja a kwamfuta ya karɓi 'yan kuɗi, dukkansu aiki guda suka yi, wato kwafi. Sai dai hukuncinsu a wurin doka ya bambanta. Wani abin da ya yi halal ne, wani kuwa ana kiran nasa satar fasaha, alhali kuma da yawa daga cikin masu yi ba su san inda iyakar take ba.

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka shata wannan iyaka, da yadda zuwan kwamfuta da intanet ya tayar da taƙaddama a kanta. Mafi yawan abubuwan da za a kawo sun faru ne a Ingila da Amurka, domin can ne rigimar ta samo asali, kafin daga bisani a waiwayo Nijeriya da ƙasar Hausa. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, bambancin da ke tsakanin satar fasaha da raba fasaha kyauta yana ga yardar mai ita.

Yana da kyau a fayyace kalma ɗaya tun da farko. Malamai sun saba da kalmar manhaja da ma'anar tsarin karatu. A nan kuwa ana nufin jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta ko wayar hannu domin ta yi wani aiki, kamar lissafi ko rubutu ko aika saƙo.

2.0 Asalin Dokar Haƙƙin Mallaka

Kafin zuwan injin ɗab'i, babu wanda ya damu da dokar hana kwafi, domin kwafin kansa wahala ne. Mai son littafi, ko a Kano yake ko a Alƙahira ko a Rum, sai ya zauna ya rubuta shi da hannu na makonni ko watanni, ko kuma ya biya wani ya rubuta masa. Al'amarin ya sauya ne wajen shekarar 1450, lokacin da Johannes Gutenberg ya fara ɗab'i da injinsa a garin Mainz na ƙasar Jamus. Daga nan littafi ya zama haja wadda ake fitarwa ɗaruruwa, kuma wanda ya kashe kuɗi ya fitar da shi ya fara tsoron kada wani ya sake bugawa ya karya farashi.

A shekarar 1557 masarautar Ingila ta ba ƙungiyar masu ɗab'i da sayar da littattafai ta birnin Landan ikon kula da harkar ɗab'i. Duk ɗan ƙungiyar da ya yi rajistar littafi, to nasa ne shi kaɗai, ba tare da wa'adi ba. Ita kuma masarauta ribarta ita ce hana fitar rubutun da ba ta so. Marubuci ba shi da wani rabo in ban da abin da aka biya shi ranar da ya miƙa rubutunsa. Dokar da ke riƙe da wannan tsari ta ƙare a 1695, majalisa kuma ta ƙi sabunta ta.

A shekarar 1710 aka kafa dokar da ake kira da sunan Sarauniya Anne, wadda masana ke ɗauka a matsayin dokar haƙƙin mallaka ta farko. Dokar ta ba marubuci haƙƙin littafinsa na shekara 14, kuma in yana raye bayan sun cika sai a ƙara masa wasu 14. Bayan haka littafin ya zama na kowa da kowa. Masu ɗab'in Landan sun yi ta shari'a suna neman a mayar da haƙƙin na har abada, amma a 1774 Majalisar Dattawan Ingila ta yanke hukuncin cewa wa'adi ne, kuma yana ƙarewa. Ke nan tun farko dokar ciniki ce tsakanin mai fasaha da jama'a: a ba shi lokacin cin moriyar guminsa, daga baya aikin ya koma taskar al'umma.

Wani abin lura shi ne yadda ƙasashe ke sauya matsayi gwargwadon buƙatarsu. Dokar Amurka ta 1790 ta kare marubutan cikin gida ne kawai, saboda haka masu ɗab'in ƙasar suka yi ta buga littattafan Ingila ba tare da biyan ko sisi ba. Shahararren marubucin nan Charles Dickens ya koka da wannan a ziyarar da ya kai Amurka a 1842, jaridun ƙasar kuma suka yi masa ca. Sai a 1891 Amurka ta fara kare marubutan waje. Yarjejeniyar Berne, wadda ƙasashe suka ƙulla a 1886 domin kare marubutan juna, Amurka ba ta shige ta ba sai a 1989, lokacin da ta riga ta zama babbar mai sayar wa duniya fina-finai da waƙoƙi da manhaja.

3.0 Ranar da Manhaja ta Zama Haja

A shekarun 1950 da 1960 kwamfuta babban inji ce mai cika ɗaki, gwamnatoci da jami'o'i da manyan kamfanoni kaɗai ke iya sayenta. Kuɗin yana ga injin, manhaja kuwa tamkar gyara ce da ake haɗa wa mai saye. Injiniyoyi kan yi musayar abin da suka rubuta, wannan ya gyara na wancan, kamar yadda malamai ke aron littafi a tsakaninsu. A 1969 kamfanin IBM ya fara raba farashin manhaja da na inji, daga nan aka fara ganin manhaja ita ma abar sayarwa ce.

A farkon 1975 wani ƙaramin kamfani mai suna MITS ya fitar da ƙaramar kwamfuta, Altair 8800, wadda mutum ɗaya ke iya saye ya harhaɗa a gida. Wasu samari biyu, Bill Gates da Paul Allen, suka rubuta mata manhajar BASIC, a kan wannan ne kuma suka kafa kamfanin Microsoft. A lokacin ana adana manhaja ne a jikin dogon zaren takarda mai huji-huji. Wani zare ɗaya ya faɗa hannun 'yan wata ƙungiya ta masu sha'awar kwamfuta a jihar Kalifoniya, suka kwafe shi suka rarraba wa juna.

A watan Fabrairu na 1976 Gates ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga waɗannan mutane. Ya ce cikin masu Altair, waɗanda suka sayi manhajarsa ba su kai ɗaya bisa goma ba, kuma in aka raba abin da suka samu da lokacin da suka ɓata, ladansu bai kai dala biyu a awa ba. Ya kira abin da ake yi sata ƙarara, ya kuma yi tambaya: wa zai ci gaba da yin aiki mai inganci in ba za a biya shi ba?

Masu kwafin su ma suna da hujjarsu. In an saci akuya, mai ita ya rasa ta, amma in an kwafi manhaja, mai ita yana nan da abarsa. A ganinsu abin ya fi kama da matar da ta ɗebi wuta a murhun maƙwabciyarta, ta tafi da garwashi ba tare da ta kashe wa mai gida wutarta ba. Amsar su Gates ita ce, ai wani ne ya shiga daji ya saro itacen. A kan waɗannan hujjoji biyu aka yi ta kai-kawo har zuwa yau.

Doka ta bi bayan Gates. A 1980 majalisar Amurka ta gyara dokar haƙƙin mallaka ta shigar da manhaja a fili, kuma a 1983 kotu ta tabbatar da haka a shari'ar kamfanin Apple da na Franklin. Kamfanoni kuma suka ɗauki wani mataki na biyu, wato ɓoye rubutun tushe. Kowace manhaja tana da fuska biyu: rubutun da ɗan Adam ya yi wanda wani masani zai iya karantawa ya gyara, da kuma juyinsa zuwa lambobin da inji kaɗai ke ganewa. Sai aka koma sayar da juyin kawai. Misalinsa kamar a sayar wa mutum mota ne amma a liƙe murfin injin, in ta lalace babu bakaniken da zai taɓa ta sai kamfanin da ya ƙera ta.

4.0 Richard Stallman da 'Yantacciyar Manhaja

Richard Stallman ya fara aiki a wani ɗakin bincike na cibiyar fasaha ta MIT da ke jihar Massachusetts a 1971, a zamanin da ake musayar manhaja hannu sake. Kamar yadda shi kansa ya sha bayar da labari, wajen 1980 aka kawo musu sabon injin buga takarda na kamfanin Xerox wanda takarda ke yawan maƙalewa a cikinsa. Ya so ya gyara manhajar injin yadda za ta riƙa sanar da mutane in hakan ta faru, kamar yadda ya yi wa tsohon injinsu, sai ya tarar babu rubutun tushe. Da ya nema wurin wani masani da ke da shi, sai mutumin ya hana shi saboda ya sa hannu a takardar alkawarin rufe sirri.

A watan Satumba na 1983 Stallman ya shelanta cewa zai gina cikakkiyar manhajar sarrafa kwamfuta mai suna GNU wadda kowa zai iya amfani da ita. Ya ajiye aikinsa a farkon 1984 domin kada cibiyar ta yi iƙirarin mallakar abin da zai rubuta, a 1985 kuma ya kafa gidauniyar 'yantacciyar manhaja. A wurinsa manhaja ba ta zama 'yantacciya sai mai amfani da ita ya sami dama huɗu: ya yi aiki da ita yadda ya so, ya nazarci rubutun tushenta ya gyara, ya ba wasu kwafinta, sannan ya raba wa jama'a gyaran da ya yi. Kalmar Ingilishi da ya yi amfani da ita tana ɗauke da ma'anar 'yanci da ta kyauta duka biyu, abin da ya sa ya yi shekaru yana bayanin cewa 'yanci yake nufi, domin bai hana kowa sayar da irin wannan manhaja ba. Hausa ba ta da wannan ruɗani tun da kowace ma'ana da kalmarta.

Matsalar da ya hango ita ce, in ya saki aikinsa haka nan babu sharaɗi, wani kamfani zai ɗauka ya ƙara masa kaɗan ya rufe ya sayar. Maganin da ya samo shi ne lasisin GPL na 1989. A ƙarƙashinsa marubuci yana riƙe da haƙƙin mallakarsa, amma ya ba kowa izinin kwafi da gyara da rabawa bisa sharaɗi ɗaya: duk wanda ya raba manhajar, ko ya gyara ta ya raba, dole ya haɗa da rubutun tushe, ya kuma bar wa na gaba irin 'yancin da shi ya samu. Wanda ya karya sharaɗin, da dokar haƙƙin mallakar za a gurfanar da shi. Abin ya yi kama da wanda ya haƙa rijiya ya bar wa gari, ya kafa sharaɗin cewa babu mai kewaye ta da katanga. A nan ne mutane da yawa ke kuskure, suna ɗaukar 'yantacciyar manhaja da satar fasaha abu ɗaya ne. Stallman ya dogara ne da dokar da ɓarawon fasaha ke takawa.

5.0 Linux da Buɗaɗɗiyar Manhaja

Zuwa 1991 aikin GNU ya samar da sassa da yawa, saura ƙwayar tsakiya wadda ke haɗa manhaja da inji. A watan Agusta na wannan shekara wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland mai shekara 21, Linus Torvalds, ya sanar cewa yana rubuta irin wannan ƙwaya don sha'awa. Ita ce aka sa wa suna Linux. A 1992 ya mayar da ita ƙarƙashin lasisin GPL, sai masana daga ƙasashe daban-daban suka riƙa aiko da gyara ta intanet, mafi yawansu ba su taɓa ganin juna ba. Da aka haɗa ta da sassan GNU sai aka sami cikakkiyar manhajar sarrafa kwamfuta wadda ba ta hannun kamfani ɗaya.

A farkon 1998 kamfanin Netscape ya bayyana cewa zai saki rubutun tushen manhajarsa ta shiga intanet. Wasu daga cikin masu wannan tafiya, irin su Eric Raymond da Bruce Perens, suka ga cewa maganar 'yanci da ɗa'a tana tsorata 'yan kasuwa, saboda haka suka ɗauki sabon suna, wato buɗaɗɗiyar manhaja. Hujjarsu ta amfani ce: in idanu da yawa na duba aiki, kuskure ba ya daɗewa. Stallman bai yarda da sauyin sunan ba, yana ganin an ɗauki riba an bar manufa. Wannan saɓani yana nan, ko da yake kusan lasisi iri ɗaya ɓangarorin biyu ke amfani da su.

Manyan kamfanoni sun fara da adawa. A 2001 shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya kwatanta Linux da cutar daji. Amma a 2016 kamfanin ya shiga gidauniyar Linux, a 2018 kuma ya sayi GitHub, babbar matattarar buɗaɗɗiyar manhaja, a kan dala biliyan 7.5. A ƙarshen 2017 an tabbatar cewa kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya dukkansu da Linux suke aiki. Haka kuma manhajar Android da ke cikin mafi yawan wayoyin hannu a kan ƙwayar Linux aka gina ta. Wato dattijon da ke sauraron karatu ko labarai a wayarsa yana cin moriyar aikin ɗalibin Helsinki ko da bai taɓa jin sunansa ba. Tambayar Gates ta 1976 ta sami amsa ta wani ɓangare: wasu sun yi aikin don sha'awa ko neman suna, amma yawancin masu gyara Linux a baya-bayan nan ma'aikata ne da kamfanoni ke biya, domin kamfanonin sun ga gina rijiya ɗaya tare ya fi kowa ya haƙa tasa sauƙi.

6.0 Intanet da Rigimar Waƙoƙi

Yayin da masu manhaja ke neman hanyar rabawa da izini, a fagen waƙa rabawa ba izini ce ta ɓarke. Tun a 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, alƙalai biyar a kan huɗu, cewa kamfanin Sony bai yi laifi ba don ya sayar da bidiyon da ke ɗaukar shirin talabijin. Amma kwafin kaset yana da iyaka, domin kowane kwafi ya fi na bayansa dishi-dishi. Kwafin kwamfuta kuwa na dubu daidai yake da na farko, kuma tsarin MP3 da aka ƙirƙiro a Jamus ya matse waƙa ta zama 'yar ƙarama mai saurin tafiya ta intanet.

A 1999 wani ɗalibi mai suna Shawn Fanning ya fito da Napster, manhajar da ke ba mutum damar ɗaukar waƙa kai tsaye daga kwamfutar wani. Cikin ƙanƙanen lokaci miliyoyin mutane suka shiga. Ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka ta kai ƙara a watan Disamba na wannan shekara, a watan Yuli na 2001 kuma aka rufe Napster. Wasu irinta suka maye gurbinta nan take. Daga 2003 kamfanonin suka koma gurfanar da ɗaiɗaikun mutane, har suka kai dubun-dubata kafin su daina a ƙarshen 2008. Wata mata a jihar Minnesota an ci ta tarar dala 222,000 a 2007 a kan waƙoƙi 24, abin da ya jawo wa kamfanonin baƙin jini. A ƙasar Suwidin an yanke wa mutum huɗu masu alaƙa da shafin Pirate Bay hukuncin ɗaurin shekara ɗaya a 2009, a wannan shekarar kuma wata jam'iyya mai neman a sassauta dokar haƙƙin mallaka ta ci kujera a Majalisar Tarayyar Turai daga ƙasar.

Tsakanin 1999 da 2014 kuɗin da ake samu daga sayar da waƙoƙi a Amurka ya ragu da kusan rabi. Abin da ya dawo da kasuwar shi ne sauƙaƙa hanyar halal. A 2003 kamfanin Apple ya fara sayar da waƙa ɗaya-ɗaya a kan santi 99, a 2008 kuma Spotify ya fara ba mutane damar sauraron duk abin da suke so da kuɗin wata ko kuma da talla. Da saye ya fi sata sauƙi, mutane da yawa suka koma saye. Sai dai mawaƙa da dama na kukan cewa abin da ke isowa hannunsu kaɗan ne, kukan da marubutan Landan suka yi da masu ɗab'i shekaru ɗari uku da suka wuce.

7.0 Tsawaita Wa'adi da Martanin Masana

A daidai wannan lokaci dokoki ƙara tsauri suka yi. Yarjejeniyar TRIPS ta 1994 ta wajabta wa ƙasashen Ƙungiyar Ciniki ta Duniya kare haƙƙin mallaka, har da na manhaja. A 1998 Amurka ta kafa dokoki biyu. Ta farko ta haramta fasa makullin da kamfani ya sa wa faifai ko manhaja, ta kuma tsara cewa mai shafin intanet zai tsira daga ƙara in ya cire abin sata da zarar an sanar da shi. Ta biyu ta tsawaita wa'adi daga shekara 50 bayan mutuwar mai fasaha zuwa 70. Idan aka tuna cewa da shekara 14 aka fara, za a ga yadda cinikin 1710 ya karkata. Fim ɗin farko da ya fito da Mickey Mouse a 1928 bai zama na jama'a ba sai ranar 1 ga Janairu, 2024.

Wani malamin shari'a, Lawrence Lessig, ya ƙalubalanci tsawaitawar har Kotun Ƙoli, amma ya sha kaye a 2003, alƙalai bakwai a kan biyu. Tun kafin hukuncin, shi da abokansa sun kafa Creative Commons a 2001, suka fitar da lasisinsu a ƙarshen 2002. Dabarar ta Stallman ce aka kawo ta fagen rubutu da hoto da waƙa: mai fasaha ya bayyana tun farko abin da ya yarda a yi da aikinsa, misali a kwafa amma a ambaci sunansa, ko a kwafa amma kada a yi kasuwanci da shi. Kundin Wikipedia, har da sashensa na Hausa, a kan irin wannan lasisi yake tafiya.

8.0 Nijeriya da Ƙasar Hausa

Dokar haƙƙin mallaka ta shigo Nijeriya ne ta hannun Turawan mulkin mallaka, da aka shimfiɗa dokar Ingila ta 1911 a kan ƙasar. Bayan 'yanci an yi dokar soja ta 1970, sai mai lamba 47 ta 1988 wadda ta haifar da hukumar kare haƙƙin mallaka a 1989, ta kuma lissafa manhaja cikin ayyukan rubutu. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Berne a 1993. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar 2022, wadda ta tanadi hanyar cire abin sata daga intanet, ta kuma yi sassauci ga koyarwa da ɗakunan karatu da makafi. Littafi yana da kariya har shekara 70 bayan mutuwar marubucinsa. Malamin da ya ɗebi kaɗan don koyarwa ya ambaci mai littafin yana da madogara a doka, wanda ya kwafe littafi sukutum yana sayarwa kuwa ba shi da ita.

Ƙasar Hausa ta san raba ilmi tun kafin wannan doka. Littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Bello sun bazu ne ta hanyar kwafin hannu, babu mai neman izinin kowa. Amma al'adar tana da ƙa'ida: ana ambaton mawallafi, mai kwafi kan rubuta sunansa a ƙarshe, jingina wa kai aikin wani kuma abin kunya ne. Da ɗab'i da kaset suka mayar da kwafi kasuwanci, malaman fiƙihu sun yi saɓani, wasu na ganin ba a killace ilmi. A watan Disamba na 1988 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta su ba.

Fim ɗin Hausa ya ba da misali mafi kusa. Masana'antar da ta fara da fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990 ta gaji hanyoyin da 'yan kasuwar kaset, musamman na Ƙofar Wambai, suka shimfiɗa wajen kwafar fina-finan Indiya da na Amurka. Masanin nan Brian Larkin ya yi bayanin wannan a littafinsa na 2008. Ya nuna cewa mai fim kan ba ɗan kasuwa uwar kaset, shi kuma ya buga kwalaye ya sayar masa, ɗan kasuwa ya kwafi kaset gwargwadon kwalayen da ya saya. Wato a jikin kwali haƙƙin mai fim yake. Da aka koma faifan CD, daga baya kuma masu tura fim a waya suka cika kasuwanni a shekarun 2010, kwali ya rasa amfani, kasuwar faifai ta durƙushe. Masu fim da yawa suka koma fina-finai masu dogon zango a talabijin da YouTube, inda mai kallo ba ya biya kai tsaye, talla ke biyan mai fim. Hanyar da Amurka ta bi daga Napster zuwa Spotify, ita Kano ta bi da nata salon.

9.0 Kammalawa

An ga yadda dokar haƙƙin mallaka ta fara a 1710 a matsayin ciniki mai wa'adi tsakanin mai fasaha da jama'a, da yadda kowane sabon inji da ya sauƙaƙa kwafi ya sake tayar da rigimar. An ga kuma cewa hani da tara kaɗai ba su tsayar da satar fasaha ba, sai da aka sami hanyar halal mai sauƙi, kamar yadda tsawaita wa'adi ya hana jama'a abin da tun farko aka yi musu alkawari. Masu buɗaɗɗiyar manhaja sun nuna hanya ta uku, inda mai fasaha da kansa ya buɗe ƙofa ya kafa sharaɗi, doka kuma ta tsare masa sharaɗin.

Taƙaddamar ta shiga sabon babi da zuwan ƙirƙirarriyar basira, wadda ake horarwa da ɗimbin rubuce-rubucen mutane. A watan Disamba na 2023 jaridar New York Times ta kai ƙarar kamfanonin OpenAI da Microsoft a kan haka. Abin da ya rage ga malamai shi ne su koya wa ɗalibai tambayoyin da za su yi kafin su kwafi komai: wane ne mai wannan aiki, me ya yarda a yi da shi, kuma an ambaci sunansa? Haka nan marubutanmu da hukumomin da ke riƙe da tsofaffin takardu da hotuna da faya-fayan waƙoƙi, ya kamata su rubuta a fili abin da suka yarda a yi da kayansu, domin mai son bin ƙa'ida ya san inda zai tsaya.